Faifai 500 da tef ɗin da ya kwana sama da shekara 30 a ajiye: David Hackney ya yi daidai kuwa?

Baffa Mai Faifai:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya Ummi ta yi tambaya ko baƙaƙen fata sun taɓa yin kiɗan punk, wato rock mai gudu da ƙara, tun farkonsa, na ce mata zan kawo labari idan na samu sarari. To yau Allah ya yi.

Wasu 'yan'uwa ne su uku, uwa ɗaya uba ɗaya, a gabashin birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka. David Hackney shi ne babba a cikin ukun, shi ke kaɗa jita. Bobby na riƙe da jitar bes kuma shi ke rera waƙa, Dannis na kan ganguna. Ubansu ma'aikacin lantarki ne, kuma mai wa'azi a cocin Baptist. Shi da kansa ya zaunar da su gaban talabijin a 1964 suka kalli Beatles. A 1971 suka kafa ƙungiya mai suna Rock Fire Funk Express, suna kiɗan funk irin wanda kowa ke yi a unguwarsu. Ku tuna Detroit garin Motown ne, shahararren kamfanin waƙoƙin baƙaƙen fata, yaro baƙar fata in zai yi waƙa an riga an san irin wadda ake jira daga bakinsa. Sai suka ga wasan The Who da na Alice Cooper, daga nan David ya ce shi fa ya ga hanyarsa. Suka koma kiɗa mai gudu, mai ƙara, jita na kaushi kamar ana yagar kwano. David ya canza musu suna zuwa Death, wato Mutuwa.

A 1975 suka shiga sutudiyon United Sound Systems ƙarƙashin kamfanin Groovesville na Don Davis, suka ɗauki waƙa 7. A cewar iyalin, Clive Davis, wanda a lokacin yana cikin manyan masu faɗa a ji a kasuwar waƙa ta Amurka, ya so kiɗan, amma ya ce sai an canza sunan. David ya ce a'a. Magana ta mutu a nan. Sai suka karɓi tef ɗinsu, a 1976 suka buga ƙaramin faifai mai waƙa biyu da kuɗinsu, kwafi 500 kacal, a kamfanin da suka raɗa wa Tryangle. Gidajen rediyo suka yi biris da shi. A 1977 ƙungiya ta watse.

Abin da ya biyo baya zan kawo shi, amma tukuna ina son jin ra'ayinku. Wannan a'a da David ya ce, daidai ne ko kuskure?

Ummi 'Yar Kaduna:
Baffa na gode ƙwarai. Yanzu na nemo waƙarsu Politicians in My Eyes na saurara, wallahi tsigar jikina ta tashi. Ban yarda a 1975 aka ɗauki wannan ba sai da na sake dubawa.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam Baffa. Ni kam ba zan ɓoye ba, kuskure ne babba. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da ake nufi da mai saye ya zo har ƙofar shagonka. Mutumin nan bai ce su canza kiɗa ba, bai ce su rage gudu ba, bai ce su daina zagin 'yan siyasa a waƙa ba. Suna kawai ya ce. Kuma David ba shi kaɗai ba ne a cikin jirgin. Akwai ƙannensa biyu da su ma suka zuba ƙuruciyarsu a wannan aiki. Da wane haƙƙi zai rufe musu ƙofar arziki saboda kalma ɗaya? Wannan taurin kai ne, kada mu sa masa riga mu kira shi jarunta.

Hajiya Talatu:
Ni abin da ya fara tsaya mini a rai sunan ne. Yaya za a yi yara su zauna su raɗa wa kansu Mutuwa? Ko a nan wani ya sa wa shagonsa wannan suna wa zai shiga? Ban ga laifin masu rediyon ba sam.

Baffa Mai Faifai:
Hajiya, ki bari in faɗa miki inda sunan ya samo asali, wataƙila ki sassauta. Mahaifinsu ya rasu ne a hatsarin mota, wani direba da ya sha giya ya buge shi, a lokacin da yake kan hanyar kai abokin aikinsa asibiti bayan ya ji rauni a wurin aiki. Yaran suna samari abin ya faru. Ƙannensa sun sha faɗa cewa wannan rashi ne ya juya tunanin David. Shi a wurinsa mutuwa ƙofa ce da ake bi a wuce wani wuri, kuma yana so mutane su daina kallon ta a matsayin abin tsoro kawai. Ɗan mai wa'azi ne, da wannan tarbiyya ya tashi. Har tambarin ƙungiyar alwatika ce mai kusurwa uku, ruhi da hankali da jiki. Saboda haka Malam Ɗanjuma, abin da kake kira kalma ɗaya, shi a wajensa makokin ubansa ne. Aka ce ya cire shi a ba shi kuɗi.

Hajiya Talatu:
Allah sarki. Ban san da wannan ba. Mu ma ai an ce mu yawaita tuna mutuwa. Duk da haka ni dai da ɗana ne zan ce ya nemi wani sunan, ya riƙe ma'anar a zuciyarsa.

Malam Ɗanjuma:
Na tausaya masa Baffa, amma tausayi daban, lissafi daban. Uban da ya rasu ai zai fi son ganin 'ya'yansa sun tsaya da ƙafafunsu.

Garba Mai Jita:
Malam, da girmamawa, ina ga ba ka taɓa zama gaban mai kuɗin da zai ɗauki nauyin waƙarka ba. Ni na zauna. Wani mai sutudiyo da ba zan ambaci sunansa ba ya taɓa ce mini komai na aikina ya yi, abu ɗaya kawai zan gyara. Na gyara. Sati biyu ya ce a cire jitar a sa fiyano. Na cire. Sai ya ce amshin ya yi tsawo. Ranar da aka gama waƙar na saurara ban gane kaina a ciki ba, kuma ko kuɗin ban gani ba. Wanda ya iya sa ka canza sunanka ya riga ya gane za ka canza sauran. David ya hango wannan.

Kuma ku saurari yadda Dannis ke dukan gangunan nan. Babu wani kamfani babba a 1975 da zai bar baƙaƙen samari uku su fita da wannan sauti yadda yake. Da an sa hannu, da an tausasa shi, an zuba masa kayan busa, an mai da su abin da kasuwa ta saba da shi.

Malam Ɗanjuma:
Wannan hasashe ne Garba. Ba ka san abin da zai faru ba tunda bai faru ba. Abin da muka sani shi ne sun ƙi, kuma sun shekara 30 ba wanda ya san da su.

Habu na Michigan:
Sannunku. Ina zaune ba nisa da Detroit, bari in ƙara wani abu game da garin, don shi ma yana cikin labarin. A 1967 an yi tarzoma mai muni a birnin, mutum 43 suka mutu. Bayan nan farar fata da masu hali suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari. A 1972 Motown kanta ta kwashe ta koma Los Angeles. Kamfanonin mota suka fara rage ma'aikata, ga yaƙin Vietnam, ga badaƙalar Watergate da ta sa Nixon ya sauka a 1974. To yaron da ya tashi a cikin wannan, in ya rubuta waƙa yana cewa 'yan siyasa ba su damu da shi ba, abin da idonsa ya gani yake faɗa.

Matsalarsu biyu ce a lokaci guda. A unguwarsu ana ce musu suna kiɗan Turawa. Wuraren da ake kiɗan rock kuma yawanci na farar fata ne. Sun faɗa tsakiya. Ina ganin ko da sun canza suna wannan katangar tana nan.

Sutudiyon da Baffa ya ambata kuwa ba ƙaramin wuri ba ne. A nan John Lee Hooker ya ɗauki waƙar da ta fito da shi a 1948, a nan su George Clinton suka yi aiki mai yawa. Wato yaran ba a lungu suka yi ɗaukar ba, shi ya sa sautin ya fita tas.

Ummi 'Yar Kaduna:
Yaya Habu, ke nan gaskiya ne abin da ake cewa su ne suka fara punk a duniya? Don na ga Ramones, ƙungiyar punk ta New York, sai 1976 suka fitar da faifansu na farko.

Garba Mai Jita:
Ƙanwata, a nan ne nake rabuwa da masu zuzuta labarin. Gaskiya ne faifan Ramones na farko ya fito a Afrilun 1976, na Sex Pistols na farko a Nuwamban shekarar, su kuwa Death sun yi ɗauka a 1975. Amma Ramones tun 1974 suke wasa a New York. Kuma a jihar Michigan ɗin kanta akwai MC5 da Stooges da suka fitar da faifai tun 1969, 'yan gidan Hackney sun tashi suna jin su. In kika ƙara matsawa baya akwai Los Saicos a birnin Lima na ƙasar Peru, tun tsakiyar shekarun 1960 suna ihu a kan jita. Babu mutum ɗaya da ya haifi wannan kiɗa.

Wani abin kuma, wanda ba a ji ba ba ya koyar da kowa. Kwafi 500 da rediyo bai saka ba bai canza tafiyar kiɗa ba a lokacin. Abin da zan yarda da shi shi ne sun isa wurin da kansu, ba tare da sun kwaikwayi New York ko Landan ba, kuma sun riga Bad Brains na Washington, waɗanda da yawa ke ɗauka su ne baƙaƙen farko a wannan fage. Wannan kaɗai ya isa abin alfahari, ba sai an ƙara gishiri ba.

Baffa Mai Faifai:
Na yarda da kai ɗari bisa ɗari Garba. Su kansu ba su taɓa kiran kiɗansu punk ba a lokacin, rock and roll suke cewa.

Bari in ƙarasa. Bayan abin ya ƙi a Detroit suka koma Burlington a jihar Vermont wajen dangi. David ya bi gari yana manna takardun talla masu ɗauke da sunan da alwatikar, sai ga 'yan sanda sun zo, a zatonsu wata ƙungiyar 'yan daba ce ta shigo gari. A nan ne ƙannen suka ce ya isa. Suka koma The 4th Movement, suna rock na yabon Ubangiji, suka fitar da faifai biyu a farkon shekarun 1980, su ma ba su je ko'ina ba. A 1982 David ya koma Detroit. Bobby da Dannis suka zauna, suka kafa ƙungiyar reggae mai suna Lambsbread, suka yi aure, suka yi 'ya'ya, suna aikin albashi suna kiɗa a gefe.

David kuwa rayuwa ba ta zo masa da sauƙi ba. Shan giya ya kama shi. A shekarar 2000 sankarar huhu ta yi ajalinsa. Kafin ya rasu ya ɗauko uwar tef ɗin 1975, wato ainihin tef ɗin da aka ɗauki waƙoƙin a kai, ya danƙa wa Bobby, ya ce ya adana, wata rana duniya za ta zo neman wannan kiɗa, kuma shi ba zai ga ranar ba. Bobby ya kai tef ɗin ɗakin shirgi na saman rufi ya ajiye. Ko 'ya'yansa bai taɓa zaunar da su ya kunna musu ba.

Malam Ɗanjuma:
Ka gani ko Baffa? Ka faɗa da bakinka. A ƙarshe dai sun canza sunan, kuma kyauta suka canza shi, babu kwangila babu ko sisi. Abin da ya ƙi yi a gaban Clive Davis ya yi shi a Vermont bayan ƙofa ta rufe. Ya mutu da baƙin ciki, bai ci komai ba. Wannan ne ke ci mini rai, ba wai ina ƙin mutumin ba ne.

Ummi 'Yar Kaduna:
Malam wannan maganar taka ta yi nauyi, na kasa samun amsarta. Baffa don Allah yaya aka yi aka gano su?

Baffa Mai Faifai:
Masu tara tsofaffin faya-fayai ne suka fara. Kwafin nan 500 ba su ɓace duka ba, ɗaya a nan ɗaya a can, suna yawo hannu zuwa hannu. Masu tarawa suka fara rububinsa har wani ya sayi kwafi ɗaya dala 800 a kasuwar intanet ta eBay. A 2008 aka ɗora waƙoƙin biyu a intanet. A wannan shekarar ɗan Bobby mai suna Julian yana California, sai ya ji ana kunna wata tsohuwar waƙa a wajen taron matasa, ya ji muryar babansa. Ya sanar da yayansa Bobby ƙarami, shi kuma ya bincika ya ga sunan gidansu a jikin faifan. Abin da ya fi taɓa ni, yaran nan da kansu sun tashi suna son punk, suna kaɗa shi, ba su san a saman rufin gidansu akwai wannan ba. Suka kira uban suna tambayar me ya sa bai taɓa faɗa musu ba.

Aka hau sama aka sauko da tef. Kamfanin Drag City na Chicago ya fitar da waƙoƙin 7 a Fabrairun 2009, shekara 34 bayan ɗaukarsu, duka-duka ba su kai rabin awa ba. Wata guda bayan haka jaridar New York Times ta yi dogon rubutu a kansu. 'Ya'yan Bobby uku suka kafa ƙungiya suna kaɗa waƙoƙin, suka sa mata Rough Francis, sunan da baffansu David ya taɓa amfani da shi. Bobby da Dannis suka dawo fage da sunan Death, Bobbie Duncan na Lambsbread ya riƙe jita a gurbin David. A 2012 aka yi fim na tarihinsu, a 2015 suka fitar da sabbin waƙoƙi. Da sunan da aka ce ba zai sayu ba aka sayar da komai.

Sadiya Funtuwa:
Ina karantawa tun ɗazu ban ce komai ba. Kuna ta David, David. Ni Bobby nake gani. An ba shi amana, ya ji haushin yayansa ko bai ji ba, ya riƙe ta. Sau nawa muke zubar da kayan mamaci da sunan shara kafin a yi arba'in?

Hajiya Talatu:
'Yata kin yi gaskiya, kuma ku ƙara da uwarsu. Na je na karanta. Kuɗin diyyar hatsari ta samu ta ba su suka sayi kayan kiɗa. Ta ba su ɗaki a saman bene, ta yanka musu lokaci, daga ƙarfe 3 zuwa 6 na yamma su yi ƙararsu, bayan nan shiru. Mace mai riƙe da marayu, maƙwabta na ƙorafi, ba ta ce su bari ba. Ta san gara su yi ƙara a gabanta da su yi shiru a titi. Ni wannan matar ce ta fi burge ni a labarin gaba ɗaya.

Auwal Injiniya:
Ni aikina haɗa sauti ne, bari in faɗi abin da ba a lura da shi ba. Sa'a ce babba tef ɗin ya rayu. Tef na maganaɗisu ba ya son zafi da laima. Da yawa daga na shekarun 1970 gam ɗin da ke riƙe da garin ƙarfen yana shan danshi ya yi danƙo, kana kunnawa ya manne a kan na'urar, sautin ya kankare har abada. Masu gyara sukan gasa irin wannan tef a ɗumi kaɗan, wajen digiri 50, na tsawon sa'o'i, sannan su yi maza su kwafe shi zuwa kwamfuta. Don Allah kada wani ya gwada da murhun girki, na'ura ce ta musamman.

Abu na biyu, kuma wannan amsa ce ga Malam Ɗanjuma. Da sun sa hannu da babban kamfani, uwar tef ɗin ta zama mallakar kamfanin. In faifan bai yi kasuwa ba sai a jefa ta sito, iyalin ba su da iko a kanta. A 2008 ɗin nan da ake neman Death, gobara ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a California ta cinye ɗimbin uwayen tef na mawaƙa. Ƙin da David ya yi ne ya sa tef ɗin ya dawo hannunsu.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya wannan hujja ce, na karɓe ta. Mallakar kaya ba wasa ba ce, duk ɗan kasuwa ya san haka. Amma ban janye ba gaba ɗaya. Riba ta zo wa ƙanne da 'ya'yansu, shi mai ƙin ya tafi hannu rabbana. Kuma a kan kowane Death ɗaya da aka tono, akwai ɗari da suka yi irin taurin kansa, tef ɗinsu ya ruɓe, ba mu ma san sunansu ba. Kada matasan da ke karanta mu su ɗauka duk wanda ya kori mai saye duniya za ta zo nemansa.

Garba Mai Jita:
A wannan gaɓar ba ni da ja, Malam. Labarin ya yi daɗi ne saboda kiɗan yana da kyau tun asali. Da ba shi da kyau da ko an tono shi an mayar.

Ɗan Damagaram:
Fofonku 'yan'uwa. Mu ma a Nijar mun ga irin wannan da idonmu. Mamman Sani ya ɗauki kiɗan organ ɗinsa a Yamai a 1978, kaset kaɗan aka buga. Mun tashi muna jin sautin a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye, da yawanmu ba mu san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta sani. Na yi murna, amma na ji ciwo, don a gabanmu abin yake sai da baƙo ya zo ya ɗaga. Aƙalla na gidan Hackney 'ya'yan cikinsu ne suka hau rufin.

Sadiya Funtuwa:
Wannan magana ta sa na tuna. Marigayi babanmu yana da kwali biyu na kaset a ɗakin ajiya, akwai waɗanda ya ɗauka da rikodarsa a wajen bukukuwa da wasan makaɗan garinmu tun kafin a haife ni. Shekara shida ke nan ba wanda ya buɗe, kuma ɗakin yana yoyo da damina. Malam Auwal, in na ɗauko su me zan fara yi?

Auwal Injiniya:
Hajiya Sadiya, kada ki kunna ko ɗaya tukuna. Ki fitar da su daga ɗakin yau ɗin nan, ki ajiye a inuwa wuri mai iska, nesa da rana da lasifika, don maganaɗisun lasifika yana goge sauti. Ki duba ta tagar kowane kaset ko akwai farin fumfuna a jikin tef ɗin, masu shi ki ware su daban kada su shafi sauran. Duk rubutun da ke jikin kwalin ki ɗauke shi hoto da waya, suna da shekara da wuri, ko da ya dushe. In kin ƙirga ki faɗa mana nawa ne, sai in gaya miki irin rikodar da za a nema da wayar da ake haɗa ta da kwamfuta.

Sadiya Funtuwa:
To madalla. Mabuɗin yana wajen Inna, bari in je in karɓo kafin magariba.